Amsa ga ƙanwar da ta ce kamar ba tare suka je Sakkwato ba

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da gari ya waye na sallami 'yan makaranta, don magana ce mai son zama. Ga waɗanda ba su gani ba: ta ce sun je biki Sakkwato ita da maigidanta a motarsu, suka shiga Hubbaren Shehu, ita hawaye ya ƙwace mata, shi kuwa agogo yake dubawa yana cewa a yi sauri. Da suka dawo Kano yana ba mahaifiyarsa labari, ba abin da ya fito daga bakinsa sai ramukan hanya, kuɗin mai da yawan shingayen jami'an tsaro. Ta kawo zancen wasu yara da ta gani suna ɗibar ruwa a kududdufi, ya ce shi bai ga wasu yara ba. Shi ne take tambaya, bushewar zuciya ce wannan, ko dama can ba su dace ba?

In dai iya abin da kika faɗa ke nan, ba ko ɗaya.

Ki fara tuna hanyar da kuka bi. An fita ta Kabuga, an wuce Gwarzo, Dayi, Malumfashi, Funtuwa, sannan a miƙa Tsafe, Gusau, Talatar Mafara, kafin a ga Sakkwato. Tafiyar wuni ce, kuma ba wanda bai san halin da tsakanin Funtuwa da Gusau ya shiga a shekarun nan ba. Duk mai tuƙi a irin wannan hanya akwai abin da yake kallo wanda na gefensa bai sani ba: motocin da ke tahowa daga gaba. Muddin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, hankalinsa a kwance yake. Da zarar ya ga an ɗauki lokaci ba wadda ta ɓullo, sai gabansa ya faɗi, ya sassauta ƙafa, ya fara neman inda zai juya in ta kama. Ba zai gaya miki ba, don in ya faɗa tafiyar ta lalace miki. Agogon da ya duba a Hubbare lissafi ne yake yi: in mun tashi yanzu, ina la'asar za ta riske mu, ina magariba? Natsuwar da kika samu har kika hango yaran kududdufi, da rashin tasa natsuwar ya saya miki ita.

Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa idanu biyu wuta ba za ta taɓa su ba: idon da ya yi kuka don tsoron Allah, da idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Ban ce tuƙin mota daidai yake da dakon iyakar Musulmi ba, wannan sai malamai. Abin da nake so ki duba shi ne Manzon Allah (SAW) ya jera idon nan biyu wuri guda, bai ce mai hawaye ya fi mai tsaro ba. Mu mata muna da saurin ɗaukar hawaye a matsayin ma'aunin imani, duk wanda bai zubar ba mu sa shi a layin masu ƙeƙasasshiyar zuciya. Ba haka abin yake ba.

Ni aikin asibiti na yi har na ajiye, ɓangaren awon ciki da na ƙananan yara. Maigidana Alhaji kuma ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, a cikin buhuna ya tashi, a cikinsu ya yi furfura. In muka shiga mota ɗaya, ƙasa biyu muke ratsawa. Da mun bar Na'ibawa mun doshi Kura, shi ya tafi gona. Zai dubi shinkafar Kadawa ya gaya miki wadda aka yi wa taki a kan lokaci da wadda mai ita ya makara. Zai dubi magudanan ruwan nan ya yi wa Audu Bako addu'a, don madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ita ce ta sa ake noma a wurin rani da damina. In lokacin tumatir ne muka iso Kwanar Gafan, yawan kwanduna da yawan motocin da ke jiran lodi sun ishe shi ya san ko manomi zai yi dariya bana ko zai zubar a bakin titi. Ni duk wannan kore ne kawai a idona, mai kyau dai, amma kore.

Sai mu tsaya Kwanar Ɗangora. Kafin ya kashe mota 'yan talla sun kewaye mu, mai gyaɗa, mai dafaffen ƙwai, mai rogo da ƙuli. Shi ya riga ya fita, ya sami direban babbar mota da ya fito ta hanyar Saminaka yana tambayarsa nawa ya baro masara. Ni kuwa idona na kan bayan wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, ta goyo ƙaninta, tire a ka. Gashin yaron ya yi ja, ya yi laushi, saman ƙafarsa ya kumbura yana sheƙi. Na kira ta kamar zan sayi gyaɗa, na danna ƙafar da babban yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Na ja fatar idonsa ƙasa, fari fat. Tamowa ce, kuma ta yi nisa. Na tambaye ta ina uwarsu, ta nuna min wata rumfa. Da Alhaji ya dawo bai tarar da ni a mota ba, ina can ina yi wa matar bayanin inda za ta kai shi da abin da za ta ce in ta je. Da muka kama hanya na ce, "Alhaji, ka ga yaron nan?" Ya ce, "Wane yaro?" Ta gefensa yarinyar ta wuce, har ya miƙa mata kuɗin gyaɗa.

Alhaji ba marar tausayi ba ne, marayun da ke ci daga hannunsa ni ma ban san adadinsu ba. Idonsa ne ba a koya masa karatun jikin yaro ba, kamar yadda nawa ba a koya masa karatun ganyen gero ba. Abin da mutum ya ɗauka a ka shekara da shekaru, shi ne ke zaɓa masa abin da zai gani.

Wata shekara cikin watan Agusta mun nufi Daura ta Kazaure. Na hango wasu furanni ja-ja masu ɗan shuɗi sun cika wata gonar gero, na ce kai, dubi ikon Allah, ga kyau. Alhaji ya yi tsaki ya ce wuta-wuta ce, ƙuduji, ita ce ke kama saiwar geron tana tsotse shi, gonar da kika ga ta yi wannan ado mai ita ya gama asara. Daga nan ya yi shiru, yana ta duban gonaki hagu da dama: kara gajere, ganye rawaya, wasu wuraren an yi noman firi ba a koma maimai ba. Can ya ce, "Hajiya, bana akwai magana." Ni kuma abin da na lura da shi a ƙauyukan da muka ratsa, rana ta take amma gidaje kaɗan ne hayaƙi ke tashi, ba ƙarar turmi, ga yara da ƙwarya suna yagar tafasa a bakin hanya. Na gaya masa. Shi ya ga yunwar da ke tafe, ni na ga wadda ta riga ta iso. Da kowa ya riƙe nasa, da shi labarin farashi zai kai Dawanau, ni kuma in dawo da tausayin da ba ya cika wa kowa ciki. Da muka haɗa, sadakar da ya saba rabawa da kuɗi a cikin gari ya mai da ita buhuna, ya tura ƙauyukan da yake sayen kaya. Na ce gero kaɗai ba ya tayar da yaron da ya kumbura, a haɗa da waken suya da gyaɗa, a soya a niƙa, irin garin kunun da muke koya wa iyaye mata a asibiti. Haka aka yi.

Tun daga lokacin aya ta 105 a Suratu Yusuf ta zauna min daban, inda Allah Yake cewa ayoyi nawa ne a sammai da ƙasa da suke wucewa ta kansu suna masu kau da kai. Da ina ɗauka da kafirai kaɗai ake. Amma ai kowannenmu kullum yana wuce ayoyi bai gani ba, ba don taurin kai ba, don ido ɗaya ba ya iya ɗaukar duka. Rahamar da ke cikin aure har da wannan: an ajiye miki wani a gefe da zai ɗauko abin da ya wuce ki. Aya ta 46 a Suratul Hajji kuma, wadda ta yi zancen tafiya a bayan ƙasa, ƙarshenta cewa ta yi ba idanu ne ke makancewa ba, zukatan da ke cikin ƙiraza ne. To wanda bai ga yaran kududdufi ba, ba a gama yi masa hukunci ba tukuna. Inda za a san zuciyarsa shi ne bayan kin gaya masa: ya yi shiru ya ce Allah Sarki, ko ya ce ke dai kin fiya shirme?

Malamanmu na Islamiyya suna yawan kawo labarin sarƙar Nana A'isha, kuma ya dace da nan. A wata tafiya sarƙarta ta tsinke ta ɓace, Annabi (SAW) ya tsayar da ayari ana nema, wurin ba ruwa, mutane ba su da ruwa. Maza suka je wajen Sayyidina Abubakar suna ƙorafi, shi kuma ya zo ya yi mata faɗa har yana zungurinta a kwiɓi, ta kasa motsi don Manzon Allah na barci a kan cinyarta. A idon mazan nan, abin wuyan mace ya tsayar da runduna guda a busasshen wuri. Da gari ya waye ba ruwan alwala, Allah Ya saukar da ayar taimama. Usaidu ɗan Hudairu ya ce wannan ba ita ce albarkarku ta farko ba, ya iyalan Abubakar. Da aka tayar da raƙumin da take kai, ga sarƙa a ƙarƙashinsa. Yau duk majinyacin da ya bugi ƙasa ya yi sallah a gadon asibiti, na ga da yawa, daga wannan "ƙaramar damuwar mata" sauƙin ya zo masa.

Haka a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira. An gama sulhu, an hana su shiga Makka, Annabi ya ce a yanka hadaya a yi aski, baƙin ciki ya hana kowa tashi. Ummu Salama tana cikin tanti, amma ita ta karanci abin da ke zukatan mutanen. Ta ce ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka nasa, ya kira mai aski. Yana yin haka kowa ya miƙe. Wanda wahayi ke sauka gare shi ya karɓi ganin matarsa a kan hanya, balle mijin wata.

Kada kuma ki ɗauka kullum mace ce mai gani. Da Allah Ya nufe mu da Umara, a Uhudu ni ina tsaye wajen maƙabartar shahidai, raina na kan Sayyidina Hamza da sauran saba'in ɗin, da matan Madina da suka fito tarar labari. Na waiga ba Alhaji. Can na hango shi a kan ɗan tudun maharba, ya tattare jallabiya, yana duban gabas da yamma kamar mai shirin sayen fili. Da ya sauko ya ce, "Hajiya, ashe tudun nan ɗan ƙarami ne haka?" Ya nuna min ta inda Khalid ɗan Walid ya zagayo da dawakai bayan mafi yawan maharba hamsin ɗin sun bar wurin da aka ce kada su bari, sun gangara wajen ganima. Ya ce shi abin da ya tsorata shi, mutanen kirki ne, ba munafukai ba, sun dai ga kamar aiki ya ƙare. Ya ce haka amana ke zubewa a kasuwa: ba ranar wahala ba, ranar da aka ga riba ta fito. Hawaye ko ɗigo bai zubar ba a wurin, amma da muka dawo Kano sai da ya zauna da yaran shagonsa a kan maganar mudu da awo. Ni da na yi kukan, me na canza? Ban ce ba komai ba, amma nasa ya fi nawa fitowa fili.

A Harami ma haka. Ni ina kallon tsofaffin mata daga ƙasashen da ban san sunansu ba, ɗa na tura uwa a keke, wata ta kama hannuna tana min addu'a da yaren da ban ji ko kalma ba. Shi yana kallon masu shara, yadda suke zagaye wuri da igiya su wanke shi cikin ƙiftawa da bismillah ba a tsayar da ɗawafi ba, da yadda tulunan zamzam ba sa taɓa ƙafewa duk yawan masu sha. Yana ta mamakin wanda ke lissafin wannan kaya. Ƙarshenta kuɗin tsarabar da ya ware, kaso mai tsoka a hannun masu sharar nan ya ƙare, yana miƙa musu a ɓoye.

Yanzu in faɗa miki inda za ki sa ido, don ba kowane bambanci ne ake wucewa ba. Akwai mijin da ba gadi ne ya hana shi gani ba, raini ne. Alamarsa, ba ya ganin ke kanki. Za a yi awa biyar ana gudu bai tambaya ko kina son kewayawa ba, alhali ya san mace ba za ta tsuguna a bakin titi kamar shi ba, ya san da yawanmu mun gwammace mu ƙi shan ruwa tun daga gida saboda wannan. Ya tsaya masallacin gidan mai ya yi sallarsa, bai duba ko akwai wajen mata ko buta ba. Wannan ba bambancin ido ba ne, gazawa ce, kuma a gaya masa. Annabi (SAW) da ya ji mai kora raƙuma, Anjasha, yana sa su sauri da mata a kai, cewa ya yi ya bi a hankali da kayan ƙarau. A dawowa daga Khaibara kuwa gwiwarsa ya kafa Nana Safiyya ta taka ta hau raƙumi. Shugaban runduna ke nan, da duk lissafin hanya a kansa, bai hana shi ganin matarsa ba. In mijinki ya tsaya miki a Gusau kin yi alwala a natse, ya tambaye ki ko kin gaji, ya sayo miki ruwa mai sanyi, to ba shi cikin waɗannan.

Mu ma da namu. Wata tun daga Kabuga kanta na cikin waya har Sakkwato, ta ɗago kawai ta ɗauki hoto, sannan ta ce miji ba ya tadabburi. Wata kuma daidai lokacin da ya fito zai wuce tirela, ga wata na tahowa, shi ne za ta daki kafaɗarsa ta ce "kalli can!" Don Allah a bari ya koma hannunsa tukuna.

Na ga wata ta ba ki shawarar ki daina binsa tafiya tunda ba ya jin daɗinta. Ban yarda ba. A gida kowa da ɓangarensa, shi kasuwa ko ofis, ke gida ko wajen aikinki, sai dare. A mota ne kaɗai ake ajiye muku abu ɗaya a gabanku lokaci ɗaya, ki ga abin da ya ɗauka, ya ga abin da kika ɗauka. Sanin da na yi wa Alhaji a hanya ya fi wanda na yi masa a ɗaki.

Abin da zai taimaka miki shi ne lokacin tambaya da irin tambayar. Hadisi ya tabbata cewa tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa. Wanda ya yi wuni yana tuƙi, ranar da ya sauka ba abin da ke kansa sai hanya, shi ya sa ita ya zazzage wa Hajiyarsa. Ki bari ya kwana biyu, ya ci tuwo ya huta. Kuma kada ki ce "me ka ji a Hubbare?", maza da yawa wannan tambayar tana ɗaure musu harshe, sai su ga kamar jarrabawa ce. Ki ce, "Na ga ka rage gudu bayan Tsafe, me ka gani?" Za ki sha mamakin abin da zai fito. In ya gama, ki ba shi naki, ba da sigar ƙorafi ba, da sigar tsaraba. Ki gaya masa abin da ya sa ki kuka, ko tunanin Shehu ne da ya rasu tun 1817 amma har yau karatunsa ke yawo a zaurukanmu, ko Nana Asma'u ce da jajinta da 'yan tarun da suka riƙa bin ƙauyuka suna koyar da mata. Wataƙila bai taɓa jin labarin 'yan taru ba.

In kina son ganin idonsa ba nauyi a kansa, ba sai kun je nesa ba. Wata Asabar da safe ku bar mota a gida, ku hau adaidaita, ku je ku hau Dala. Ba sitiyari, ba shinge, ba tsoron dare. Ku tsaya a sama ku dubi gari, Goron Dutse can, masallacin Juma'a na cikin gari da gidan Sarki can, Kurmi a ƙasa, ragowar badala inda gine-gine ba su cinye ba. Ki yi shiru ki ji abin da zai fara nunawa. Nawa mijin hanyar Katsina ya fara nema, don ta nan Dawanau take. Ni rufin gidaje na tsaya kallo, ina tunanin mace nawa ce ke naƙuda a ƙarƙashinsu a daidai wannan lokacin.

Sakkwato kuma in Allah Ya sake kai ku, ku tsara ta da kwana. Ku isa, ku huta, washegari da hantsi ku shiga Hubbare, ranar da ya san ba zai kama hanya ba. Ku tashi dawowa bayan asuba ta wata ranar, kuma tun a gida ku yi magana a kan inda za a tsaya sallah da inda ke za ki kewaya, don kada ya zama sai kin roƙa a hanya. Tafiyar ta kai ta ƙasaru nesa ba kusa ba, ku yi amfani da sauƙin da Allah Ya ba matafiyi. Allah Ya tsare hanya, Ya kawo mana ƙarshen abin da ke faruwa a yankin nan. Ki gaida maigidan, ki gaida Hajiyarsa.